Silin da Daɓe: Wa Ke Tambayar Lafiyar Mai Kwana a Ɗakin?

Idan magidanci a Gumel ko Maigatari ya kai gininsa linta, Allah ya hore masa ya ɗora kwano, abu biyu ne kan rage masa kafin iyali su tare: abin da zai rufe saman ɗakin da shi ta ciki, wato silin, da abin da zai shimfiɗa a ƙasa. A daidai wannan gaɓa kuwa guzurin ginin ya riga ya ƙare. Saboda haka in ya je wurin mai sayar da kayan gini, tambayarsa ba ta wuce biyu: nawa ne, kuma wanne ya fi kyan gani? Mai shago ma amsar waɗannan kaɗai ya tanada, domin iyakar abin da dillalin Kano ya gaya masa ke nan, shi kuwa dillali daga masana'anta ya jiyo. Tun daga injin da ya ƙera kayan har zuwa kafintan da zai buga ƙusa, da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi abin da wannan falle zai yi wa huhun mai kwana a ƙarƙashinsa, ko abin da wannan daɓe zai yi wa cikin jaririn da zai yi rarrafe a kansa.

Alhali kuwa ɗan Adam yana cinye kusan sulusin rayuwarsa a kwance tsakanin waɗannan shimfiɗu biyu. Abin da masana ilimin halittu da likitoci suka gano cikin shekaru fiye da ɗari ya nuna cewa silin da daɓe kayan rigakafi ne, sahu ɗaya da gidan sauro da tsabtataccen ruwan sha. In haka ne, masu ƙera su ba su da hurumin ɗaukar kansu 'yan kasuwar kayan ado kurum. Akwai alhakin lafiyar jama'a a wuyansu, ko sun sani ko ba su sani ba, kuma lokaci ya yi da za a auna kayansu da wannan mudu.

Ƙasar da ake gini a kanta

Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar suna gefen arewacin Jihar Jigawa, biyu daga cikinsu, Maigatari da Sule Tankarkar, suna jingine da iyakar Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta rairayi, irin wadda jihar ta ci sunanta lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1991. Damina wata uku ce zuwa huɗu. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, ƙura ta cika sama. Da bazara kuma, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40. Duk kayan ginin da zai zauna a nan sai ya jure wa waɗannan fuskoki uku na shekara, ga kuma gara da ke jira a ƙasa.

Magina na dauri sun fahimci wannan. Mai hali yakan yi soro ko shigifa: a jera azara, a shimfiɗa kara ko zana a kai, sannan a ɗora ƙasa mai kauri. Wannan rufi shi ne kuma silin, kuma kaurinsa yana sa zafin rana ya daɗe yana ratsowa, sai dare ya yi kafin ya iso ciki. Azarar giginya tana da zaruruwa masu tauri ƙwarai, shi ya sa gara ba ta cika samun sa'arta ba. Talaka kuwa ɗakin jinka yake yi, wanda iska ke ratsa ciyawarsa. Amma giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga ta ta yi ƙaranci, soro yana bukatar yaɓe kowace shekara, jinka kuma abokiyar gobara ce. Don haka babu wanda zai zargi mutumin da ya koma kwano. Abin lura kawai shi ne, da kwano ya zo ya raba aikin gida biyu: shi ya ɗauki tare ruwa, ya bar tare zafi da ƙwari ga silin. Wanda ya yi kwano bai yi silin ba, rabin rufi ya yi.

Ta ina sauro ke shiga?

Yawancin mutane sun ɗauka ta ƙofa da taga sauro ke shigowa. Sauron da ke yaɗa zazzaɓi a Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira anofilis gambiye, yana da wata ɗabi'a dabam. Tamatar ce ke cizo, kuma cikin dare take farauta. Numfashin masu barci da warin jikinsu suna tashi sama tare da iska mai ɗumi, su fita ta kafar nan da ke tsakanin kan bango da rufi. Ita kuma tana tahowa ƙasa-ƙasa tana bin warin, in ta ci karo da bango sai ta bi shi sama, har ta tarar da kafar ta faɗa ciki. Ɗakin kwanon da ba shi da silin, tamkar an buɗe mata ƙofar musamman ne a inda ta fi so.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun wajen 1900 wani likita ɗan Italiya, Angelo Celli, ya sa raga a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa a yankunan fadama na ƙasarsu, zazzaɓi ya ragu ƙwarai a tsakaninsu. A zamanin nan kuma, an yi gwaji a garin Farafenni na ƙasar Gambiya a daminar 2006 da ta 2007, a gidaje kimanin 500, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 2009. Gidajen da aka yi wa silin na raga sun sami raguwar sauron zazzaɓi da kashi 47 cikin ɗari, waɗanda kuwa aka toshe kafofinsu aka sa raga a ƙofa da taga sun sami raguwar kashi 59. Ƙarancin jini ma ya ragu sosai a tsakanin yaran waɗannan gidaje. Gambiya ƙasa ce mai damina ɗaya gajera kamar ta Gumel, ginin karkararta kuma bai yi nisa da na nan ba.

Sai dai gaskiya ba ta ƙare a nan ba, kuma bai kamata a ɓoye sauran ba. Wani gwaji da aka sake yi a gabashin Gambiya, wanda aka buga a 2021, ya gyara gidaje da kwano da toshe kafofi da ƙofofin raga, amma bai sami raguwar zazzaɓi a jikin yara ba, a yankin da dama an riga an wadata da gidan sauro da maganin rigakafi na damina. Abin da mai hankali zai ɗauka daga nan shi ne, gini ba ya aiki shi kaɗai, sai da halin mai zama a ciki. Ɗakin da aka toshe ya zama tanda, mai shi zai bar ƙofa a buɗe, ko ya ja tabarmarsa tsakar gida, ko ya yaye gidan sauro don ya sha iska. Da bazara wannan ba shi da hatsari sosai, tunda sauro ya yi ƙaranci. Amma a watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gumi ya haɗu da yawan sauro, kwanan waje yakan ƙare a gadon asibiti.

Ga inda maganar ta dawo kan masu masana'anta. Silin da ya dace da wannan ƙasa dole ya yi aiki biyu a lokaci guda: ya tare ƙwaro, ya kuma tare zafin da kwano ke zubowa. Falle mai siririn jiki yana iya yin na farko ya kasa na biyu. Tare zafi yana bukatar kauri da ƙananan kofofin iska a cikin jikin abin, kamar yadda ulu ko ɓargo yake. Kuma ɗakin da aka rufe samansa yana bukatar wata mashigar iska mai raga a madadin wadda aka toshe. Mutanen wannan yanki sun san sanƙarau sarai. A ɓarkewar da aka yi daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zaton sun kamu a Nijeriya 'yan Jigawa ne, Maigatari da Sule Tankarkar kuma suna cikin inda abin ya fi tsanani. Ƙwayar cutar tana bin numfashi, tana samun sauƙin kama maƙogwaron da busasshiyar iska da ƙura suka kakkarce, cunkoso a ɗakin da iska ba ta zagayawa kuma yana taimaka mata. Allurar rigakafi ce babban makaminta, ba silin ba. Amma me zai hana kamfanin da ke sayar da silin ya haɗa kowane ƙunshi da 'yar tagar raga ta sama, da bayanin inda za a kafa ta?

Ƙasan ɗaki

A ƙauyukan wannan yanki har yanzu akwai ɗakuna da yawa da rairayi ne ƙasansu, uwargida ta share, lokaci-lokaci ta zubo sabo. Yana da sanyi, ba ya cin ko kwabo. Illarsa tana ga abin da ido ba ya gani. Macen macijin ciki guda ɗaya tana iya zuba ƙwai wajen 200,000 a yini, ƙwan kuma yana da ɓawo mai tauri wanda ke ba shi damar zama cikin ƙasa shekaru yana jiran baki. Tafin ƙafa da takalmi da kaji suna shigo da shi daga waje, tare da ƙwayoyin gudawa. Tsintsiya ba ta kwashe su, sai dai ta watsa su. Jaririn da ke rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki.

Gwamnatin jihar Kowahuwila a ƙasar Meziko ta fara wani shiri a shekarar 2000 na zuba wa talakawa daɓen siminti a ɗakunansu. Masana suka bi sawu suka kwatanta yaran da suka samu da takwarorinsu na maƙwabtan garuruwa da ba su samu ba. A sakamakon da suka buga a 2009, sun ƙiyasta cewa maye gurbin ƙasa da siminti a gida baki ɗaya yana rage tsutsar ciki da dangoginta da kashi 78 cikin ɗari, gudawa da kashi 49, ƙarancin jini da kashi 81, kuma yaran sun fi ƙoƙari a gwajin fahimta. Ba lallai a sami waɗannan alƙaluma daidai a Gagarawa ba, domin ruwan sha da makewayi na can da na nan ba ɗaya ba ne. Amma dalilin a fili yake: abin da ake iya wankewa da ruwa da sabulu ya fi abin da ba a iya wankewa.

Bahaushe ma ya san wannan tun kafin siminti. Daɓe sana'ar mata ce mai tsari da waƙoƙinta. A zuba ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugu har ta kwanta, sannan a bi da ruwan makuba, wanda ake samu daga jiƙa ɓawon 'ya'yan ɗorawa. A wasu wurare da bagaruwa ake yi. Abin da ke cikin wannan ruwa shi ne sinadarin tanin, wanda majema ke jeme fata da shi. Yana ɗaure ƙwayoyin ƙasa, ya sa fuskar daɓen ta yi tauri da duhu da sheƙi, ruwa ba ya saurin shiga. Wato iyayen da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba sun yi amfani da kimiyyar tsirrai wajen ƙera ƙasan ɗaki mai sharuwa. Abin takaici, babu masana'antar da ta ga wannan a matsayin abin ingantawa. A ƙasar Ruwanda kuwa, wani kamfani mai suna EarthEnable ya fara tun 2014 yana yi wa mutanen karkara daɓen ƙasa da ake dannewa a shafe da wani mai da ke bushewa ya yi tauri, a farashin da bai kai na siminti ba. Daɓen Hausa ne da sabuwar riga.

Me kasuwa ta kawo a madadinsa? Mai kuɗi yana sa tayil, wanda a yanzu ake ƙerawa a cikin gida, alal misali a masana'antar West African Ceramics da ke Ajakuta a Jihar Kogi da wasu a Jihar Ogun. Tayil yana wankuwa, yana da sanyi, kuma ba abin da ke cinsa. Aibinsa santsi, musamman a gidan da ake alwala sau biyar a yini kuma akwai tsofaffi. Karayar ƙugu ga dattijo sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Tayil mai kaushi yana nan, amma mai sheƙi ake turowa gaba domin shi ke jan ido. Mai ƙaramin ƙarfi kuma leda yake saye, ya shimfiɗa a kan simintin da aka yi da ƙarancin siminti da yawan rairayi, ko ma a kan ƙasa tsura. Ranar jeren amarya ɗaki ya yi kyau. Bayan damina ɗaya ledar ta tsage a bakin ƙofa, danshi da ɓurɓushin abinci sun taru a ƙarƙashi, kyankyasai da kunamu sun sami masauki.

Gadon asbestas

Wanda ke ganin an cika wa masu masana'anta kaya, sai ya waiwayi tarihin asbestas. Ma'adini ne mai zare-zare da ake haƙowa daga dutse, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, gara ba ta kula shi. Aka riƙa cuɗa shi da siminti ana yin fallayen rufi da na silin. An kafa kamfanin Nigerite na Ikeja a 1959 da haɗin gwiwar kamfanin Eternit na Beljiyam, daga baya aka sami 'yan'uwansa a Inugu da Sapele, da kuma Giwarite a Kano. Makarantun da aka gina bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da asibitoci da ofisoshi da gidajen ma'aikata na wancan zamani, da yawansu da irin wannan farin silin mai murabba'i aka rufe su. A lokacin shi ne alamar ci gaba.

Amma tun 1955 Richard Doll a Ingila ya tabbatar da alaƙar asbestas da ciwon dajin huhu a tsakanin ma'aikatan masaƙarsa, a 1960 kuma J. C. Wagner da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka danganta shi da wani mugun ciwon daji na fatar da ke lulluɓe huhu. Yadda abin ke faruwa shi ne: zaren ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, don haka yana wuce gashin hanci da majinar maƙogwaro ya isa can ƙarshen huhu. A can akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gadi, aikinsu haɗiye duk baƙon abu su narkar da shi. Sai su kama zaren, ya fi ƙarfin bakinsu, ba ya kuma narkewa. Su mutu a kansa, wasu su zo, kumburi ya ɗore, tabo ya taru. Ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara ashirin, talatin, har arba'in, lokacin da mai shi ya manta ranar da ya shaƙi ƙurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar asbestas a wurin aiki. Ingila ta haramta shi baki ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu, wadda da can take haƙo shi, a 2008.

Waɗancan kamfanoni na rukunin Beljiyam sun bar asbestas a farkon shekarun 2000, suka koma wasu zaruruwa. Wannan abin yabo ne, amma bai sauke fallayen da aka riga aka kafa ba. Silin asbestas da ke zaune lafiya, ba tsaga, an shafe shi da fenti, hatsarinsa kaɗan ne, kuma sau da yawa barinsa ya fi taɓa shi. Hatsarin yana ranar gyara. A yau ana sabunta tsofaffin azuzuwa da ɗakunan shan magani, lebura ya hau tsani da guduma, ba abin rufe hanci, ya farfasa silin ƙura ta turnuƙe, a kwashe ɓaraguzan a cike ramin kwararo, yara su tsinci guntaye suna zane da su. Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya: a fitar da mutane, a jiƙa fallen da ruwa, a zare ƙusa a sauke shi ɗungurungum ba tare da fasawa ko yanka da zarto ba, ma'aikaci ya sa abin rufe hanci na ainihi mai tace ƙura, a naɗe cikin leda mai kauri a binne a wurin da hukuma ta keɓe, a goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. Wane kafinta a Sule Tankarkar aka taɓa koya wa wannan? Masana'antun da suka ci ribar kayan jiya, su ne suka fi cancanta su ɗauki nauyin wannan horo, ko da ta hanyar dillalansu da shirye-shiryen rediyo ne.

Abin da ya gaji asbestas a kasuwa shi ne silin roba, wanda ake kira PVC, da silin farar ƙasa mai ado da magina ke kira POP. Na roba ba shi da nauyi, yana wankuwa, gara ba ta cinsa, shi ya sa ya mamaye ko'ina. Amma siriri ne, yana laushi da zafi, mai arha a cikinsa yakan lanƙwashe a ƙarƙashin kwanon bazara, haɗin ya buɗe, ɓeraye da jemagu su sami hanya. Fiye da rabin nauyin ainihin robar sinadarin kulorin ne. Ba ta saurin kama wuta da kanta, amma in gobara ta tashi takan narke ta zubo, ta fitar da hayaƙin da ke zama ruwan asid idan ya haɗu da danshin ido da maƙogwaro. Na farar ƙasa kuwa da jibsin ake yinsa, wanda kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne a ɗaure, don haka yana jinkirta wuta. Sai dai yana da tsada da nauyi, yoyon kwano kaɗan kuma ya ishe shi lalacewa. Kowanne da amfaninsa da aibinsa. Laifin shi ne mai saye ba ya jin ko ɗaya daga ciki, ba a kuma rubuta masa a jikin kayan da harshen da yake karantawa, boko ko ajami.

A ƙera a gida, amma da lura

Kusan duk waɗannan kaya daga nesa suke zuwa, wasu daga Kano, wasu daga kudu, wasu daga Sin, kuɗin mota kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Alhali Maigatari tana da yankin ciniki maras haraji tun shekarar 2000, tana da kasuwar Alhamis da ke tara mutane daga Damagaram da sassan Nijeriya, an kuma ware filin masana'antu a Gagarawa. Masana'antar allon silin da za ta zauna a nan tana da masu saye a ɓangarori biyu na iyaka, masu fama da zafi iri ɗaya da sauro iri ɗaya.

Da me za a yi allon? Tun shekarun 1920 ake matse tuƙar rake a Amurka ana yin allon silin, tun shekarun 1930 kuma ake yin irinsa da karan alkama a Suwidin. Nan take hankali zai tafi ga karan gero da na dawa, a ce ai ga su nan birjik. A nan ya kamata a taka birki. Kara ba shara ba ne a ƙasar Gumel. Shi ne abincin dabbobi da rani, shi ne danga, shi ne makamashi, wanda ya rage a gona kuma shi ke riƙe rairayi kada iska ta kwashe, ya ruɓe ya koma taki. Masana'antar da za ta saye kara da tirela za ta yi silin ne da naman gonar talaka.

Akwai tsiron da kowa zai yi murna a rage shi, wato kacalla. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar kogin Haɗeja ya sauya, ruwa ya riƙa zama duk shekara a wuraren da a da suke bushewa, kacalla ta mamaye dausayin Haɗeja da Nguru, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama mafakar jan-baki masu cin hatsi. Wanda ya tsaga ganyenta zai ga cikinsa kamar soso, cike da ƙananan ɗakunan iska waɗanda tsiron ke kai numfashi da su zuwa saiwarsa a cikin taɓo. Wannan siffa ita ce ainihin abin da ake nema a abin tare zafi. A Senegal da Muritaniya, inda irin wannan ciyawa ta addabi kogin Senegal, an riga an fara sarrafa ta zuwa kayan gini masu tare zafi. Daga dausayin zuwa Gagarawa ba wata tafiya ba ce. Ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casa na Haɗeja shi ma abin dubawa ne.

Matsaloli biyu ne za su taso, kuma duka na masanin halittu ne. Ta farko gara, wadda abincinta ke nan. Sai an jiƙa allon da gishirin boron ko makamancinsa, an kuma gwada shi a bakin suri na ainihi, ba a takarda ba. Ta biyu gam. Yawancin allunan da ake matsewa ana haɗa su da gam mai sinadarin fomaldihaid, wanda ke tashi a hankali cikin iskar ɗaki, zafi kuma yana ƙara masa saurin tashi. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji ga ɗan Adam tun 2004. Zai zama abin kunya a gudu daga asbestas a faɗa wannan. A Afirka ta Kudu an daɗe ana yin gam ɗin allo daga tanin na ɓawon wata bishiya 'yar'uwar bagaruwa, wanda ke rage wannan matsala sosai. Ko tanin na bagaruwar da ke tsirowa a nan zai yi wannan aiki, tambaya ce da ɗakunan gwaji na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za su iya amsawa, in an ba su kuɗin aiki da abokin tafiya daga masana'anta.

Mai masana'anta zai ce duk wannan daɗin baki ne, kasuwa arha take so, wanda ya ƙara inganci ya ƙara farashi kayansa za su kwana. Yana da gaskiya gwargwado. Manomin riɗi da ya sayar da amfaninsa ya yi kwano ba za a ce masa ya jira allon da ba a ƙera ba tukuna. Amma babban mai sayen silin da daɓe a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu ba manomi ba ne, gwamnati ce, ta hanyar azuzuwa da asibitoci da gidajen malamai. In takardar kwangila ta ce dole silin ya kai kauri kaza, ya rage zafin aji da digiri kaza idan an auna da tsakar ranar Afrilu, tayil ɗin ɗakin haihuwa ya zama mai kaushi, tsohon asbestas kuma a sauke shi a jiƙe, masana'antu za su bi, domin inda kuɗi yake nan injin ke juyawa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wadda aka kafa tun farkon shekarun 1970, tana da ikon neman a rubuta abin da ke cikin kowane falle da yadda yake yi a wuta.

Awon ma ba ya bukatar baƙo daga waje. Ma'aunin zafi guda goma, da tarkon sauro, da ɗaliban ilimin halittu na Kwalejin Ilimi ta Gumel sun isa a kwatanta ɗakuna masu silin roba da na farar ƙasa da na soro da marasa silin, daga bazara ɗaya zuwa ƙarshen damina, a buga sakamakon da Hausa a manna a ƙofar kowane shagon kayan gini da ke garin.